Fijon Baba da Haƙƙin Marayu

   Na san wasunku za su yi mamakin ganin yau malama ta ajiye maganar tarbiyya da zaman aure ta koma maganar mota, sai ka ce wata 'yar kamasho. To ku yi haƙuri ku biyo ni sannu a hankali, domin motar da zan ba ku labarinta ta kusa raba zumuncin gidanmu, kuma saura ƙiris ta ci ran ɗana.

Ni dai a wani ƙaramin gari na tashi, a kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, ƙasar auduga da masara. Lokacin muna yara, wato a shekarun 1990, motocin da ke garin nan ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma kowacce mun san ta da kukanta tun kafin ta ɓullo kwana. Muna tsakar gida muna 'yar carafke za ki ji wata ta ce, "Ga a-kori-kurar tasha nan ta dawo," kuma ba za ta yi kuskure ba.

Ranar kasuwa ita ce ranar kallo. Tun da hantsi manyan motocin katako za su fara shigowa suna nishi, an yi wa bodinsu fenti kala-kala, ga zanen zaki ga na ɗawisu, ga rubuce-rubucen hikima a goshi da baya. Kafin direba ya gama tsayawa yaron mota ya riga ya diro da weji a hannu, ya cusa shi ƙarƙashin taya, don ba a cika amincewa da birki shi kaɗai ba. Akwai wata tsohuwar Bedford da sitiyarinta ke hannun dama, wadda kullum take ba mu mamaki. Baba ne ya warware mana, ya ce ai da can a gefen hagu na titi ake tuƙi a Nijeriya kamar yadda ake yi a Ingila, sai a watan Afrilun 1972 aka koma dama. Kun ga ke nan wannan mota ta girmi canjin, ta kuma girmi Naira kanta, wadda aka fara kashewa a 1973.

Ita kuwa a-kori-kura, wato Fijo 404 mai buɗaɗɗen baya, babu abin da ba ta ɗauka. Yau buhunan masara, gobe awaki, jibi kayan ɗakin amarya, ga gado ga kwalla ga samiru an ɗaure da igiya, ga mata sun ɗare sama suna guɗa. Sai 'yar Bitil ɗin malamin asibiti, wadda injinta ke baya, kuma ba a zuba mata ruwa domin iska ke sanyaya ta. Ranar da muka ga ya buɗe gabanta ya fito da doya, sai da muka kwashi gudu muka je muka gaya wa iyayenmu cewa motar malam ba ta da inji, da addu'a take tafiya. Akwai kuma Landirobar ma'aikatan lafiya, wadda da zarar ta tsaya a ƙofar gidan mai gari sai ki nemi yara ki rasa, kowa ya san allura ce ta zo.

Amma duk cikinsu babu wadda ta kai Fijon Baba a wurinmu. 504 ce, mai ruwan madara. Allah Ya jiƙan Baba, shugaban makarantar firamare ne, kuma ya saye ta sabuwa dal tun kafin a haife ni. Abin da yake yawan alfahari da shi shi ne a nan Kaduna aka haɗa ta, a masana'antar Peugeot da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1975. Asalin samfurin a Faransa ya fito a 1968, amma a ƙasashenmu ya fi daɗewa, domin tun 1983 aka daina ƙera irin ta Baba a can, alhali a Kaduna an ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000. Dalili kuwa a fili yake: mota ce mai tsayi daga ƙasa, mai juriyar gargada, kuma duk garin da ta lalace za a sami bakaniken da ya san cikinta. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar haya, ita ce ta maigida mai rufin asiri.

A garinmu kuwa ita ce motar asibiti. Sau nawa muna barci za mu ji ana buga ƙofa da tsakar dare, ana cewa, "Malam, a taimaka, haihuwa ce ta zo da gardama." Baba zai zura riga ya ɗauki makulli, ba ya tambayar ko 'yar wane ce, ba ya karɓar kuɗin mai, har a shekarun da fetur ya yi wuya sai a wurin 'yan bumburutu. Akwai samari da 'yan mata a garin nan da a kujerar bayanta aka haife su kafin a isa Funtuwa. Ita ta kai Hajiyarmu sansanin alhazai, ita ta kai yayyena ɗakunan mazajensu. Da hunturu in ta ƙi tashi, mu yara ne masu turi, mu goma reras, muna ihu in ta kama. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin kujerunta, gaurayen turaren Baba da fetur da goro.

Da Baba ya rasu aka raba gida, aka raba gona, aka raba 'yan kuɗin da ya bari. Da aka zo kan mota sai Yaya Babba ya ce, "Wannan kam ba ta rabuwa. Baba ce da kansa. A bar ta a nan muna ganinta muna tuna shi." Duk muka yi shiru, wasu na share hawaye. Aka tura ta gindin darbejiyar ƙofar gida aka lulluɓa mata tampol.

Shekara biyar tana nan. Tampol ya yage, tayoyi suka sace suka nutse a ƙasa, ɓeraye suka cinye wayoyi, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin kwanci. 'Yan gwangwan sun zo taya ta ya fi a ƙirga, Yaya na korarsu da faɗa. In an yi masa magana sai ya ce mu ba mu san darajar tsohon abu ba, ai a Turai irin waɗannan motoci miliyoyi ake saye.

Sai ranar wata Sallah ƙarama, a tsakiyar bazara, mun je gida gaba ɗayanmu. Bayan Azahar na nemi ɗana, mai shekara biyar a lokacin, da ɗan ƙanwata, aka ce suna waje suna wasa. Na ci gaba da hira. Can sai Allah Ya sa wata yarinya mai tallar gyaɗa ta shigo da gudu ta ce ta ga yara a cikin mota suna buga gilashi. 'Yan uwa, ban san lokacin da na fita ba mayafi ba. Ashe sun shiga ta ƙofar baya sun ja ta ta rufe, mariƙin ciki kuwa ya daɗe da karyewa, gilasai duk a ɗage. Da aka fito da su sun jiƙe sharkaf, ɗan ƙanwata ko kuka ya kasa yi. Aka yi ta shafa musu ruwa ana fifita, aka garzaya da su asibiti. Allah Ya yi da sauran kwanansu a gaba.

Kada wata ta ɗauka abin wasa ne. A watan Disambar 2021, yara 8 aka tarar sun rasu a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry ta Jihar Legas. Mota in tana rufe a rana, zafin cikinta yakan zarce na waje nesa ba kusa ba cikin ɗan lokaci kaɗan, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Mu da muke ƙasar da bazara ke haura digiri 40, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

A daren nan na shiga ɗakin Inna, amaryar Baba, na tarar tana ninke kayan Sallar yara. Ita ce ta haifi ƙannenmu uku na ƙarshe, waɗanda duk ba su balaga ba lokacin da Baba ya rasu. Muna jajanta abin da ya faru sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Malama, ni dai ban taɓa cewa komai a kan motar nan ba, don kada a ce na zo raba ku da kayan ubanku. Amma bara da aka koro Auta a kan kuɗin jarrabawa, sai da na sayar da akuyata, ina wucewa ta gaban motar nan safe da yamma."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ce fa nake tsayawa gaban ɗaliban aji shida ina koya musu rabon gado, ina zana musu tumuni da sudusi a allo. Ashe a ƙofar gidanmu akwai haƙƙin marayu yana ruɓewa, kuma ina cikin waɗanda suka yi shiru aka lulluɓe shi da tampol. Mu da muka amince a bar motar, duk muna da albashi ko muna ɗakin miji. Waɗanda suke da buƙata ba wanda ya tambaye su, kuma kunya ta hana uwarsu magana. Mun sayi abin tunawa da kuɗin da ba namu ba.

Hukuncin dai a bayyane yake. Duk abin da mamaci ya bari, daga gida har allura, bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyya, ya zama na magada, kuma Allah da kanSa Ya yanka wa kowa rabonsa a cikin Suratun Nisa'i. Babu wani kaya da ake cirewa a ce wannan na tunawa ne. Abin da ba ya yankuwa, kamar mota ko doki, malamai sun ce a yi masa ƙima: ko dai a sayar a raba kuɗin, ko ɗaya daga cikin magada ya ɗauka ya biya sauran rabonsu. Baligi mai hankali yana da ikon yafe nasa in ya ga dama, da daɗin rai ba don jin nauyi ba. Amma rabon yaron da bai balaga ba, babu mai ikon yafe shi, ko uwarsa ko yayansa. Jinkiri kuma yana da nasa laifin, domin motar da aka ajiye tana tashi, bayan shekara biyar ta zama ta turi, kuma wannan asarar a kan kowa ta faɗa, har da marayun.

Ban tunkari Yaya kai-tsaye ba, don na san halinsa, kuma na san ba mugunta ce ta sa shi ba, ƙauna ce. Shi ne Baba ya fara koya wa tuƙi a cikinta. Sai na je wurin Baffa, ƙanin Baba, na durƙusa na zayyana masa komai. Ya daɗe yana jinjina kai, sannan ya ce, "Laifin nawa ne, da ni aka yi rabon." Kafin kowa ya koma ya tara mu a zaure.

Yaya ya sake kawo maganar Turai. A nan ne na nemi izini na ce, "Yaya, gaskiya ne suna girmama tsofaffin motoci. A Ingila duk watan Nuwamba akan yi jerin gwanon motocin da aka ƙera kafin 1905, daga Landan zuwa Brighton, kuma motar da ta haura shekara 40 ana iya yi mata rajistar kayan tarihi a ɗauke mata haraji. A 2022 an sayar da wata Marsandi ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135. To amma irinta guda 2 kacal aka ƙera a duniya, ita kuwa 504 an ƙera sama da miliyan 3. Sannan su a ɗaki suke ajiye nasu, suna shafawa suna tayarwa, kuma da kuɗinsu suka saya. Ko motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta a 1976, a gidan tarihi na Legas take, ƙarƙashin rufi, ba ta tare haƙƙin kowa ba. Tamu fa? Kaji ne ke gadinta."

Aka yi dariya, har shi. Daga nan sai ya sunkuyar da kai, da Baffa ya faɗi maganar akuyar Inna kuwa sai ga hawaye. Ya ce wallahi bai sani ba. Na kuma yarda bai sani ba, domin bai tambaya ba, kamar yadda ni ma ban tambaya ba.

Aka kira bakanike biyu da ba su san juna ba suka duba ta, aka tsaya a kan Naira 800,000. Iyayen Baba sun riga shi rasuwa, saboda haka magada su ne matansa 2 da 'ya'ya 10, maza 4 mata 6. Tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, ya kama 100,000, Hajiya da Inna kowacce 50,000. Ragowar 700,000 aka kasa gida 14, kowane namiji 100,000, kowace mace 50,000. Yaya ya ce shi zai ɗauke ta. A zaman nan ya fara biyan ƙananan da iyayenmu mata, har ya ƙara wa Inna kuɗin akuyarta daga aljihunsa. Wasunmu suka yafe masa nasu, wasu suka karɓa, kuma Baffa ya gargaɗe mu kada wanda ya yafe ya yi wa wanda ya karɓa gori. Aka rubuta, shaidu suka sa hannu.

Abin mamaki, sai da ta zama tasa shi kaɗai sannan ya kula da ita. Ai dama an ce kayan jama'a ba mai gyara shi. Ya yi kusan shekara yana bin Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano yana tsinto kayanta ɗaya bayan ɗaya, yau kafireto, gobe lagireto. Ya gina mata rumfa mai ƙofa da kwaɗo. Yanzu duk Juma'a yakan tayar da ita ya kai Baffa masallaci, tsofaffin gari na ɗaga mata hannu suna yi wa Baba addu'a.

To 'yan uwa, na san gidaje da yawa akwai irin wannan ajiya. Wani gidan mota ce, wani babur ne, wani keken ɗinki ne ko tsohuwar rediyo. Ga abin da nake so mu riƙe.

Na farko, in akwai matacciyar mota a gidanku ko a layinku, yau ɗin nan ki sa a duba ta. Ko dai a kulle ƙofofinta da but ɗinta a ɓoye makulli, ko a cire ƙofofin gaba ɗaya. A cire batir, don ruwansa yana ƙona fata kuma akwai dalma a cikinsa. A share ciyawar da ke kewaye saboda maciji da kunama. Ki ja wa yara kunne cewa mota ba wurin ɓuya ba ce, kuma duk ranar da aka nemi yaro aka rasa, a fara duba rijiya da motocin da ke kusa kafin a tafi cigiya.

Na biyu, ki tambayi kanki, wannan abin na wane ne? In na gado ne da ba a raba ba, ki nemi babban da ake jin maganarsa, cikin ladabi, ba a gaban yara ko kishiyoyi ba. Ki tuna mai buƙata sau da yawa shi ne mai yin shiru.

Na uku, ga wadda Allah Ya haɗa da maigida mai son tsohuwar mota. Kada ki riƙa yi masa ba'a kina kiranta akwala a gaban 'ya'yansa, domin wataƙila ba ƙarfen yake kallo ba, mahaifinsa yake gani. Sha'awa ce halal matuƙar da dukiyarsa ya mallaka, kuma ba ta taɓa cefane da kuɗin makaranta da na magani ba. In ta fara taɓawa, ki zauna da shi a lokacin da ransa ke sanyi, ku yanka mata abin da za a riƙa kashewa a wata. Ki kuma tuna masa cewa tsohuwar mota kamar tsohuwa take, tana son inuwa da kulawa: a riƙa tayar da ita a kai a kai, a canja baƙin mai, a duba birki da tayoyi da takardu kafin a ɗebi iyali. Da yawansu ba su da bel a kujerar baya, saboda haka ba na doguwar tafiya da yara ba ne.

Na huɗu, mu ba 'ya'yanmu labari. Ɗana da ya kusa halaka a cikin motar nan bai taɓa ganin kakansa ba. Amma yanzu ya san cewa akwai wani mutum da ake tasa da tsakar dare ya kai matar da bai sani ba asibiti, bai karɓi ko sisi ba. Rannan na ji yana gaya wa ƙanwarsa cewa in ya girma zai sayi mota ya riƙa kai marasa lafiya kyauta. Wannan gadon shi ne wanda aka raba mana ba tare da ya ragu ba.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin marayun da ke hannunmu, Ya tsare mana zuri'a. Wadda ke da tambaya a kan rabon gado, ko wani labari irin wannan da take son mu amfana da shi, ƙofa a buɗe take, ta rubuto ta adireshin mujalla kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.